Me ya riƙe Biyafara har wata talatin?

Wani ɗalibi ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, na karanta cewa sojojin tarayya sun kama Inugu, hedkwatar Biyafara, wata uku kacal da fara yaƙi. To me ya sa yaƙin bai ƙare a nan ba, har ya kai wata talatin? Ƙarfin soja take da shi, ko siyasa ce ta riƙe ta?"

Ɗana, a ganina Biyafara ta sha kaye a fagen daga tun watan Mayu na 1968, lokacin da Fatakwal ta faɗi, ta rasa ƙofarta ta ƙarshe zuwa teku. Wata ashirin ɗin da suka biyo baya, abin da ya riƙe ta shi ne tsoron da ke zukatan mutanenta, da wata 'yar hanyar mota a garin Uli da aka mayar filin jirgin sama, da kuma fatan shugabanninta cewa duniya za ta shigo ta raba faɗan kafin su durƙushe. Amma sai mun koma baya kaɗan kafin ka gane yadda hakan ya yiwu.

Mu a Arewa in aka ce 1966, abin da ke faɗo mana a rai shi ne daren 15 ga Janairu, da kisan Sardauna Sir Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed. Mutumin Gabas kuwa in aka ce 1966, abin da yake tunawa shi ne watannin Mayu, Yuli, Satumba da Oktoba, lokacin da aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo da sauran mutanen Gabas a garuruwan Arewa da barikokin soja. Masu bincike sun sha bamban kan adadin, daga dubu goma zuwa dubu talatin, amma babu mai musun cewa mutane fiye da miliyan ɗaya sun kwashe komatsansu sun koma Gabas. Jiragen ƙasa sun riƙa isa Inugu ɗauke da masu raunuka. Da wuya ka sami gida a ƙasar Ibo da bai karɓi ɗan gudun hijira ba. Wannan shi ne babban jarin da Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya shiga yaƙi da shi. Manomi a ƙauyen Orlu bai damu da wani tsarin mulki ba, abin da ya yarda da shi shi ne in sojan tarayya ya shigo, yankan rago za a yi masa da iyalinsa.

An zauna a Aburi ta ƙasar Gana ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, aka tashi da yarjejeniyar da kowane ɓangare ya fassara yadda ya ga dama. Sai ranar 27 ga Mayu Yakubu Gowon ya raba ƙasa zuwa jihohi 12. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, Ojukwu ya shelanta Jamhuriyar Biyafara. Shekarunsa 33 a lokacin, Gowon kuma 32.

Ina son ka tsaya sosai kan wannan rabon jihohi, domin duk cikin makaman da gwamnatin tarayya ta yi amfani da su babu wanda ya kai shi illa. Tsohuwar Jihar Gabas ba ta Ibo kaɗai ba ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, ko fiye, Ibibiyo ne da Efik da Ijaw da Ogoni da Annang da mutanen Ogoja. Tun zamanin Turawa suke neman a ba su jiharsu, suna kukan danniya. Gowon ya ba su biyu, Ribas da Kudu maso Gabas, ya bar wa Ibo Jihar Gabas ta Tsakiya wadda ba ta taɓa teku. To kuma man fetur, da tashoshin jiragen ruwa na Fatakwal da Kalaba da Boni, da kifi, da wani babban ɓangare na ƙasar noma, duk suna wajen waɗannan ƙananan ƙabilu ne. Akwai 'ya'yansu da suka tsaya wa Biyafara da gaske har ƙarshe, misali Philip Effiong, wanda ɗan Ibibiyo ne kuma shi ne na biyu a mulki. Amma akwai irin su Isaac Adaka Boro, ɗan Ijaw, wanda ya ja sojojin tarayya cikin fadamun da ya sani tun yana yaro har ya rasa ransa a 1968, da Ken Saro-Wiwa wanda ya zama kantoman Boni a ɓangaren tarayya. Talakawansu kuwa sun shiga halin gaba kura baya siyaki: sojan Biyafara yana zarginsu da zagon ƙasa yana kwashe su daga ƙauyukansu, sojan tarayya in ya iso yana tuhumar wasunsu da haɗa baki da 'yan tawaye. Ƙasar da ta ɓalle domin tsoron danniya ta kasa kwantar da hankalin waɗanda suke tsoron tata danniyar, kuma ta nan aka fara cin ta.

Ta fuskar soja, Biyafara ta fara da hafsoshi masu ilmi da yawa da ƙwararrun masu aikin hannu, amma da ƙarancin sojan ƙasa da bindigogi, saboda tun zamanin Turawa yawancin masu riƙe bindiga a sojan Nijeriya daga Arewa ake ɗibarsu, musamman Tibi da sauran ƙabilun tsakiyar ƙasa. An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967 a wajen Gakem ta yankin Ogoja. Legas ta ɗauki abin a matsayin ɗan aikin ladabtarwa na 'yan makonni. Cikin watan nan Nsukka ta faɗi, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya mutu a wajen, sojojin ruwa da na Benjamin Adekunle kuma suka sauka a tsibirin Boni inda ake loda ɗanyen mai.

Sai Ojukwu ya yi cacar da ta fi kowace girma a yaƙin. Ranar 9 ga Agusta dakarunsa suka ƙetare gadar Neja a Anacha suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya kusan ba tare da harbi ba, ƙarƙashin Victor Banjo, wanda Bayarabe ne. Sun kai har Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas. Banjo ya yi jinkiri a Benin yana jayayya da Inugu kan wanda za a naɗa gwamna, kuma wannan jinkiri ya ba Murtala Mohammed damar harhaɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa. Ranar 20 ga Satumba Murtala ya shiga Benin. Abin da wannan kasada ta jawo wa Biyafara ya fi asarar ƙasa. Yarabawa da mutanen Benin da Urhobo da Itsekiri, waɗanda da yawansu suke kallon rikicin a matsayin na Arewa da Gabas, suka ga yaƙi a ƙofar gidansu, suka rungumi tarayya. Gowon ya daina maganar ladabtarwa ya shelanta cikakken yaƙi.

A cikin gida kuma sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. A watan Satumban nan aka harbe Banjo da Emmanuel Ifeajuna da Philip Alale da Sam Agbam a Inugu bisa zargin shirya juyin mulki. Daga ranar duk garin da ya faɗi, bayanin da ake ba jama'a shi ne 'yan zagon ƙasa ne suka sayar da shi. An tsare Hilary Njoku, kwamandan sojan farko, aka ba Alexander Madiebo muƙaminsa. Ojukwu bai sake sakin jiki da manyan hafsoshinsa ba, sai ya riƙa kafa rundunonin da ke karɓar umarni daga gare shi kai tsaye, irin birged ɗin kwamando ta sojan haya Rolf Steiner, Bajamushe, wanda daga baya shi ma aka kore shi a Nuwamba 1968. Harkar abinci da mai da sufuri aka damƙa wa hukumomin farar hula da ba sa ƙarƙashin soja. Kwamandan da ke bakin daga yakan rasa harsashi, ya ja da baya, sannan ya tarar ana kiransa maci amana. Akwai majalisar tuntuɓa ta dattawa da sarakuna, wadda ita ta ba Ojukwu izinin ɓallewa, amma aikinta bai wuce amincewa da abin da aka riga aka yanke ba.

To me ya sa faɗuwar Inugu ranar 4 ga Oktoba 1967 ba ta kawo ƙarshe ba? Da farko, garin da Runduna ta Ɗaya ta Mohammed Shuwa ta shiga kusan kango ne, mutane sun watse, gwamnati ta koma Umuahia, gidan rediyon Biyafara ya ci gaba da magana kamar yana Inugu. Na biyu, sojan tarayya yana da nasa ciwon. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu goma ba kafin yaƙi ta kumbura ta haura 200,000, ana ba yaro horon 'yan makonni a tura shi daga. Rundunoni uku, ta Shuwa daga arewa, ta Murtala daga yamma, ta Adekunle daga teku, kowace tana yaƙinta, kwamandojin suna gasa da juna wajen makamai da suna. Sojojin sun dogara da titi da motoci masu sulke da igwa, ga daji mai duhu da ruwan sama da gadojin da aka karya. Murtala ya yi ta ƙoƙarin ƙetare Neja da jiragen ruwa daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoba, aka yi asarar rayuka masu yawa, sai da ya zagaya ta arewa ya ƙetare a Idah, sannan ya kama Anacha a Maris 1968. Ƙarshen watan nan aka yi wa ayarin motocinsa kwanton ɓauna a Abagana. Harbi ya sami tankar mai a tsakiyar ayarin, wuta ta bi motocin da ke jere a kan siririyar hanya ɗauke da harsasai, kusan duka suka ƙone.

Sannan akwai Asaba, wadda bai kamata wani ɗan Arewa mai son gaskiya ya tsallake ta ba. A farkon Oktoba 1967 sojojin Runduna ta Biyu sun tara maza da samari na garin, waɗanda suka fito da fararen kaya suna nuna goyon bayan Nijeriya ɗaya, suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Haɗa wannan da jiragen yaƙin da aka samo daga Tarayyar Sobiyet, waɗanda matuƙa 'yan Masar suka riƙa sakin bama-bamansu a kan kasuwanni da asibitoci. Duk abin da rediyon Biyafara yake faɗa game da shirin ƙare dangi, waɗannan abubuwa sun sa ya zama abin gaskatawa. Tawagar masu sa ido ta ƙasashen waje da Gowon ya gayyato a 1968 ta ce ba ta ga shaidar shirin ƙare dangi ba, kuma Gowon ya fitar da ƙa'idojin yaƙi ga sojojinsa, har an harbe wasu da suka karya su. Amma wanda ya ji labarin Asaba daga bakin wanda ya tsira ba rahoton baƙi zai sa ya ajiye bindiga ba.

Kalaba ta faɗi a Oktoba 1967, Fatakwal a Mayu 1968. Da ita aka tafi da matatar mai da babban filin jirgin sama da tashar ruwa. Kafin nan, a Janairu 1968, Obafemi Awolowo, kwamishinan kuɗi na tarayya, ya canja takardun kuɗin Nijeriya, miliyoyin fam ɗin da ke hannun Biyafara suka zama takardar banza. Ta buga nata kuɗin, amma ba ya sayen komai a waje. Miliyoyin mutane suka cunkushe a ƙasar da ke ƙara tsukewa kullum, wadda dama ba ta ciyar da kanta da nama da kifi. Shanun Arewa sun daina zuwa, busasshen kifin da ake shigowa da shi daga Nowe ya yanke, gishiri ya zama abin da ake aunawa da cokali. Rogo kaɗai ba ya raya yaro. Sai tamowa ta shigo: ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya kakkarye, yaro ya daina ko kuka. Mata suka riƙa ratsa bakin daga cikin dare su sayo gishiri da abinci a yankunan da tarayya ta kama, wasu ba su dawo ba. Yawancin ƙiyasi na waɗanda suka mutu a yaƙin yana tsakanin rabin miliyan da miliyan biyu, wasu suna kai shi sama da haka, kuma mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, yara ne kuma suka fi yawa.

Dole a yaba wa injiniyoyinsu da malaman kimiyya, yawancinsu daga jami'ar Nsukka. Sun ƙera nakiyar da suka kira ogbunigwe, garwa ce da ake cika wa da albarushi da guntayen ƙarfe da duwatsu, wadda sojojin tarayya suka ji tsoronta ƙwarai. Sun kafa ƙananan matatun mai a daji, har motocin soja suka ci gaba da tafiya bayan an rasa Fatakwal. Wannan ya sayo musu lokaci, amma ba ya maye gurbin igwa da harsashi.

Harsashin ta Uli yake shigowa. Wani miƙaƙƙen yanki ne na titin da ke tsakanin Anacha da Owerri aka faɗaɗa. Da rana a rufe shi da ganyen kwakwa, da dare jirage su taso daga tsibirin Sao Tome da ke hannun Fotugal a lokacin, da Libreville, da Kwatano, su zo cikin duhu ba fitila. Sai jirgi ya kusa taɓa ƙasa ake kunna fitilun gefen titin na 'yan daƙiƙoƙi, a kashe, domin akwai jirgin tarayya da ke shawagi a sama yana jiran haske ya saki bam. A sauke kaya cikin gaggawa, wani lokaci a loda yaran da suka galabaita a fita da su Gabon. Gamayyar cocin da ta ɗauki nauyin agajin ta yi sawu fiye da 5,000, kuma matuƙa da dama sun mutu a nan. Sai dai jiragen madara da kifi da jiragen makamai duk a dare ɗaya suke sauka a titi ɗaya. Nan ne siyasar yunwa ta fito fili. Legas ta ce a kawo agaji ta ƙasa, ko da rana bayan an bincika kaya. Ojukwu ya ƙi, yana cewa za a sa guba a abincin, kuma hanyar ƙasa za ta zama hanyar tankoki. Dalilin da bai faɗa ba shi ne jiragen agaji na dare su ne garkuwar jiragen makamai, kuma kuɗin waje da ƙungiyoyin agaji ke kashewa a ciki suna taimaka wa baitulmalinsa. Ra'ayina a nan ba ya rawa: gwamnatin da ta toshe abinci ga farar hula tana da alhaki, shugaban da ya fifita hanyar makamai a kan hanyar abinci alhali yara suna mutuwa dubu-dubu shi ma yana da alhaki.

Hotunan yaran nan su suka zama makamin Biyafara a waje. Wani kamfanin hulɗa da jama'a a Geneva mai suna Markpress ya riƙa kai 'yan jarida yana rarraba labarai, limaman Katolika 'yan Ailan da suka daɗe a ƙasar Ibo suka kai kuka cocin Turai da Amurka. An sayar wa Turawa labarin cewa Musulmin Arewa ne ke yaƙar Kiristoci, alhali Gowon ɗan mai wa'azin Kirista ne da ya tashi a Wusasa ta Zariya, Adekunle da Danjuma da Obasanjo duk Kiristoci ne, haka ma ɗimbin sojojin da ke bakin daga. Tanzaniya ta amince da Biyafara a Afrilu 1968, Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya suka biyo a Mayu, Haiti a 1969. Biyar ke nan, ba a ƙara ba. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tsaya kan iyakokin da aka gada, domin kusan kowane shugaba yana da tasa Biyafarar a gida. An yi zaman sulhu a Kampala a watan Mayu na 1968, a Yamai a watan Yuli inda Ojukwu ya je da kansa, sannan a Adis Ababa a Agusta, duk ba a cimma komai ba: Legas tana cewa a janye ɓallewa tukuna, Biyafara tana cewa a tsagaita wuta tukuna. Diori Hamani na Nijar da Ahmadu Ahidjo na Kamaru sun tsaya tare da haɗin kan Nijeriya duk da cewa Faransa ta karkata ɗaya ɓangaren, kuma matsayin Ahidjo ya hana Biyafara samun ƙofa ta ƙasa a gabas.

Faransa ce ta tsawaita yaƙin fiye da kowa. A Satumba 1968 Aba da Owerri suka faɗi, kowa ya ɗauka an gama. A daidai lokacin makaman Faransa suka fara kwararowa ta Gabon da Kwaddebuwa, gwargwadon abin da zai hana Biyafara mutuwa, ba wanda zai sa ta yi nasara ba, kuma gwamnatin de Gaulle ba ta taɓa amincewa da ita a hukumance ba. A wannan wata ne wasu manyan wakilan Biyafara a Turai, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, suka ba Ojukwu shawarar a nemi sulhu tun da sauran abin ciniki a hannu. Ya ƙi. A nan tsarin da ya tara komai a hannun mutum ɗaya ya nuna aibinsa: ya iya tara jama'a su jure abin da ba a zaci ɗan Adam zai jure ba, amma babu wata majalisa ko hafsa da ke da ƙarfin cewa ya isa haka.

Shekarar 1969 ta zo da nasarorin da suka ƙara rufe ido. Dakarun Biyafara sun yi wa birged ɗin tarayya ƙawanya a Owerri na tsawon watanni, suka ƙwace garin a Afrilu, a makon da Umuahia ta faɗi, sai aka mayar da gwamnati Owerri. A Mayu wani matuƙi ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya zo da ƙananan jirage biyar da aka ɗaura wa rokoki, suka lalata jiragen tarayya a ƙasa suka taɓa wuraren haƙar mai. Amma a watan nan ne sojojin Biyafara suka kashe ma'aikatan mai goma sha ɗaya a Kwale, yawancinsu 'yan Italiya, suka yanke wa waɗanda suka kama hukuncin kisa, sai da Fafaroma ya sa baki aka sake su. Tausayin da aka tara a Turai ya ragu sosai. Ranar 1 ga Yuni Ojukwu ya karanta jawabin Ahiara, wanda ya soki cin hanci da son kai a cikin Biyafara kanta ya kuma yi maganar mallakar dukiya ta al'umma, abin da ya tayar da hankalin attajirai da wasu masu goyon bayansa a waje. Ranar 5 ga Yuni jirgin tarayya ya harbo jirgin Red Cross, ƙungiyar ta dakatar da jigilarta, yunwa ta sake tsananta. A Agusta Azikiwe ya fito fili ya goyi bayan Nijeriya ɗaya. A ƙauyuka kuwa samari sun koma ɓuya a daji da saman rufi saboda masu kamun soja na dole, sojan da ke bakin daga yana cin abinci sau ɗaya a rana in ya samu.

Gowon ya canja kwamandojin rundunoninsa a Mayu 1969, Olusegun Obasanjo ya karɓi ta Adekunle ya gyara ta. A ƙarshen Disamba ya kutsa ya haɗe da Runduna ta Ɗaya a Umuahia, aka raba abin da ya rage na Biyafara biyu. Sojojin da suka yi wata talatin suna jurewa suka tuɓe kaki suka shige cikin 'yan gudun hijira. Owerri ta sake faɗuwa, Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddebuwa cikin dare, ranar 12 ga Janairu 1970 Effiong ya yi jawabi a rediyo ya umarci dakaru su ajiye makamai, ranar 15 ga wata ya miƙa wuya ga Gowon a barikin Dodan.

Yaƙin sunƙurun da aka yi ta barazanar za a shiga bai auku ba. Zuwa lokacin Ibo masu ɗimbin yawa suna zaune a yankunan da tarayya ta kama, ƙarƙashin gwamnatin Ukpabi Asika a Inugu, kuma labari ya riga ya ratsa bakin daga cewa suna raye, suna cin kasuwa. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ba a yi shari'ar gama-gari ba, an mayar da wasu hafsoshi bakin aiki, an tsare wasu na 'yan shekaru, Ojukwu kansa Shehu Shagari ya yi masa afuwa ya dawo a 1982. Amma fam 20 da aka ba duk wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki a lokacin yaƙi, komai yawan abin da ke ciki, har yau ana jin zafinsa a Gabas. Da yawa daga Ibon da suka koma Kano da Kaduna da Jos sun karɓi gidajensu. A Fatakwal, garin da ke cikin Biyafara a ranar da aka shelanta ta, gwamnatin Jihar Ribas ta ayyana gidajen Ibo a matsayin dukiyar da aka yasar, kuma da yawan masu su ba su sake mallakarsu ba.